Leda da Robobin Gona: Tambayoyin da Ake Yi Bayan An Kwashe Amfani

Idan aka gama girbi, akwai abin da ba ya bin amfani zuwa rumbu, kuma ba ya ruɓewa kamar kara da ganye. Shi ne ledar da aka shimfiɗa a kan kunya, da tiyon ban ruwa da ya huje, da buhunan taki, da jarkokin maganin feshi da suka ƙare. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda manoma da makiyaya da masu sayar da kayan noma suka fi yi a kansu. Abu ɗaya zai yi ta maimaituwa a cikin amsoshin, don haka gara a faɗe shi tun farko: ko roba za ta sake amfanuwa ko za ta zama annoba, a ranar da manomi ya ɗauke ta daga ƙasa ake yanke hukuncin, tun kafin wata masana'anta ta gan ta.

Wai robar da ake amfani da ita a noma ta kai yawan da za a damu da ita?

Ta kai, har ta wuce. A shekarar 2021 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar da rahoto a kan wannan batu. Ta ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai harkar noma da kiwo da kamun kifi da gandun daji ta yi amfani da roba tan miliyan 12.5. Daga ciki, noma da kiwon dabbobi sun cinye tan miliyan 10.2, kamun kifi da kiwonsa kuma tan miliyan 2.1. Wannan bai haɗa da ledar da ake ƙunshe abinci da ita ba, wadda ita kaɗai ta kai tan miliyan 37.3. Nahiyar Asiya ce ta fi kowa amfani da ita, kusan rabin ta duniya.

Kuma ba raguwa take yi ba. Rahoton ya yi hasashen cewa buƙatar ledar rumfunan shuka da ta rufe ƙasa da ta naɗe abincin dabbobi za ta tashi daga tan miliyan 6.1 a 2018 zuwa tan miliyan 9.5 a 2030.

Ba don sakarci manoma suka rungume ta ba. Ledar rufe ƙasa tana riƙe laima, tana danne ciyawa, tana rage wahalar noma. Tiyon ɗigo yana sa ruwa kaɗan ya yi aikin mai yawa. A yankin Almeriya na ƙasar Sifaniya, rumfunan leda sun mayar da busasshiyar ƙasa ta zama ɗaya daga manyan wuraren da ke ciyar da Turai kayan lambu, kuma yawansu ya kai ana hango farinsu daga sararin samaniya. Matsalar ita ce an koyi yadda ake shimfiɗa ta, ba a koyi yadda ake kwashe ta ba.

Ai roba roba ce. Me ya sa ake cewa sai an ware ta?

Don ba iri ɗaya ba ce, kuma kowane iri da zafin da yake narkewa. Idan aka haɗa su a tukunya ɗaya, abin da zai fito ba shi da ƙwari, ba wanda zai saya.

Ka juya gindin jarka ko gora, sau da yawa za ka ga lamba a cikin wata alama mai kusurwa uku. Lamba 2, ko haruffan HDPE, ita ce robar jarkokin magani da manyan bututu. Lamba 4, LDPE, ita ce mai laushi da ake yin ledar rufe ƙasa da ta rumfa da yawancin tiyon ɗigo. Lamba 5, PP, ita ce ta buhun taki da igiyar ɗaure dami. Lamba 1 ta gorar ruwa ce. Lamba 3 kuwa, PVC, wadda ake yin wasu bututun ruwa da tiyo da ita, ita ce ya kamata a fi sa wa ido, domin ɗan kaɗan daga cikinta yana lalata narkakkiyar roba mai yawa.

Idan babu lamba, akwai gwaji mai sauƙi: ka yanki ɗan guntu mai tsabta ka jefa a ruwa. Masu lamba 2 da 4 da 5 suna yin iyo, PVC da ta gorar ruwa suna nutsewa.

Na tara leda tuli guda, amma masu sayen tsofaffin robobi sun ƙi ɗauka. Me ya sa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma amsarta tana da ɗaci. Abin da ka tara, a idonka leda ce, amma a kan sikeli mafi yawansa ƙasa ce da ruwa da saiwa. Ledar da ta yi watanni a kan kunya, idan aka finciko ta da laima, dattin da ke jikinta yakan kai rabin nauyinta, wani lokaci ya fi. Mai saye zai biya kuɗin mota ya ɗauki ƙasa, ya biya kuɗin ruwa da wuta ya wanke ta, yashin ya ci wuƙaƙen injinsa, a ƙarshe ya samu roba kaɗan. Duk wanda ya yi wannan lissafi sau ɗaya ba ya dawowa.

Saboda haka aikin farko a gona yake. Ka ɗauke ledar rufe ƙasa da zarar an gama girbi, kada ka bar ta rana ta ci gaba da gasa ta har ta fara ɓarɓashi. Ka zaɓi ranar da ƙasa ta sha iska, ba jiƙaƙƙiya ba, ba kuma wadda ta ƙame ta riƙe gefen ledar gam ba. Ka fara sassauta gefunan da aka binne, sannan ka ja a hankali, ka kakkaɓe, ka shanya idan da laima, ka naɗe. Tiyon ɗigo a zare shi daban a naɗe shi daban, kada a dunƙule shi da ledar. Buhuna a zazzage su, a jera, a ɗaure da igiya irin tasu. Baƙar leda gefe, fara gefe, domin farar ta fi daraja: ana iya rina ta kowane launi, baƙa kuwa baƙin kaya kaɗai take bayarwa.

Sai wurin ajiya. Kada a aje a kan tsurar ƙasa inda ruwa ke kwanciya, kada a bar shi a rana, kada a aje inda dabbobi ke kaiwa. Na sha ganin manomi ya yi duk wahalar tsabtace ledarsa, sannan ya jibge ta a bakin gona ruwan sama ya mayar da ita yadda take.

Ba duka robobin ne ke da wannan matsala daidai ba. Ledar rumfa ta fi sauƙin samun mai saye, tana da kauri kuma ba ta taɓa ƙasa sosai. Jarkoki da bututu ma haka. Ledar rufe ƙasa da ragar naɗe dami su ne masu wuyar sha'ani.

Siririyar leda ta fi araha. Me zai sa in sayi mai kauri?

Saboda siririyar ba ta fita daga gona. Tana yagewa a hannu, rabi ya taso, rabi ya zauna cikin ƙasa. Abin da ka rage wajen saye za ka biya shi da kuɗin ƙwadago, abin da ya rage kuma gonarka ce za ta biya.

Ƙasar Sin ta ɗanɗana wannan fiye da kowa. Shekaru da dama ana shimfiɗa leda mai tsananin siranta a gonakin auduga, musamman a yankin Shinjiyan, har guntayenta suka taru a cikin ƙasa suka kai ana kiran abin da farar ƙazanta. A 2017 hukumomin ƙasar suka fitar da sabon ma'auni da ya ɗaga mafi ƙarancin kaurin ledar daga milimita 0.008 zuwa 0.010, don a iya kwashe ta ba tare da ta ragargaje ba. Bambancin kamar ba komai ba ne a ido, amma darasin a fili yake: tun ran gini tun ran zane. A ranar saye ake fara shirin kwashewa.

To in ƙone ta mana, ai wuta ta gama magana.

Ba ta gama ba. Wutar fili ba ta da zafin da zai cinye roba gaba ɗaya. Abin da take yi shi ne ta mayar da wani sashe baƙin hayaƙi da za ka shaƙa kai da iyalinka da maƙwabta, wani sashen kuma ya zama toka da dunƙulen narkakkiyar roba a wurin da za ka shuka baɗi. Idan akwai PVC a ciki, ko ragowar maganin feshi, hayaƙin yana iya ɗaukar wasu sinadarai masu guba da ake kira dayoksin da furan. Waɗannan ba sa saurin lalacewa, suna sauka a kan ciyawa da ƙasa, dabbobi su ci, su taru a kitse da nono da ƙwai. Yarjejeniyar Sitokhom ta 2001, ta ƙasashen duniya a kan sinadarai masu guba da ba sa saurin lalacewa, wadda ta fara aiki a 2004, ta ambaci ƙona shara a fili cikin hanyoyin da waɗannan gubobi ke fitowa. A Ingila da Wales an haramta ƙona ko binne sharar roba a gona tun 2006.

Na san abin da ke sa mutane ƙonawa: ba wanda ya zo ɗauka, iska kuma tana watsa ta. Uzuri ne na gaskiya. Amma ledar da aka naɗe aka ɗaure za ta iya jiran shekara guda ba ta cuci kowa ba, hayaƙin da ya shiga ƙirji kuwa ba a dawo da shi.

Idan na bar garma ta juye ta cikin ƙasa fa? Ba za ta ruɓe ba?

Ba za ta ruɓe ba, ragargajewa za ta yi. Rana da garma suna mayar da ita ƙanana, ƙananan su ƙara zama ƙanana, har su kai ɓurɓushin da bai kai milimita 5 ba. Ido ya daina gani, amma tana nan. Manyan guntaye suna tare saiwa, suna hana ruwa ratsawa daidai, suna naɗe wa haƙoran garma. Ƙananan kuma suna bin ruwa zuwa rafi da rijiya, tsutsotsin ƙasa suna haɗiye su. Gonar da aka yi shekaru ana yi mata haka, amfaninta yakan ragu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne babu wata hanya mai sauƙi ta tace ɓurɓushin roba daga ƙasar noma. Mai gadon gonar zai gaje shi tare da ita.

Haƙa rami a binne ma bai bambanta sosai ba, an ɓoye ne kawai.

Gaskiya ne leda tana kashe dabbobi?

Gaskiya ne. Shanu da tumaki da awaki suna haɗiye leda da igiya, musamman lokacin da ciyawa ta yi ƙaranci, ko idan ledar tana da ɗanɗanon gishiri ko abinci. Ba ta narkewa, sai ta dunƙule a tumbi. Dabba ta rage ci, ta rame, cikinta ya kumbura, nono ya ragu, mai ita yana ta sayen magani bai san inda ciwon yake ba. Sau da yawa sai an yanka ake gani. Igiyar ɗaure dami da aka yanke aka yar a wurin ba da abinci tana daga cikin manyan masu laifi, kuma rataye buhu guda a jikin turke don tara ta ya isa magance wannan.

Yaya zan yi da jarkokin maganin ƙwari da na ciyawa?

Waɗannan hukuncinsu daban ne, domin jarkar da ake gani babu komai a ciki har yanzu akwai guba a jikinta. Hanyar da FAO da Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da ita ita ce ɗauraya sau uku, kuma a yi ta nan take, a lokacin da ake haɗa maganin, kafin ragowar ta bushe ta manne.

Ga yadda ake yi. Da safar hannu a hannunka, ka juye maganin cikin tankin feshi, ka bar jarkar a kife kamar daƙiƙa 30 ta tsane. Ka zuba ruwa mai tsabta kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na jarkar, ka rufe da kyau, ka girgiza daƙiƙa 30 ta yadda ruwan zai taɓa ko'ina. Ka juye wannan ruwa a cikin tankin feshin, ba a ƙasa ba, ba a kwata ba, ba kusa da rijiya ba. Ka maimaita har sau uku. Ruwan ɗaurayar magani ne da ka biya kuɗinsa, ya tafi gona ya yi aikinsa. Daga nan sai ka huda gindin jarkar da jikinta don kada wani ya sake zuba wani abu a ciki, ka bar takardar da ke jiki don a san abin da ta ɗauka, ka aje ta a busasshen wuri mai makulli inda yara ba sa shiga.

Kada a haɗa su da sauran robobi a buhu ɗaya. Robar da aka samu daga irin waɗannan jarkoki ba a yin kayan abinci ko na wasan yara da ita, sai abubuwa irin su bututun wayar lantarki, da turakun shinge, da sababbin jarkokin magani.

Idan na wanke ta da sabulu sosai, zan iya zuba ruwan sha ko mai a ciki?

A'a. Ko sau nawa aka wanke. Wasu sinadaran suna shiga cikin naman robar, su riƙa fitowa a hankali. Ba ruwan mutum ba, ba na dabba ba, ba hatsi ba, ba mai ba. Dalilin huda ta ke nan.

Me ake yi da robar idan ta isa masana'anta?

Ana sake tantance ta, a daddatsa, a wanke sau da yawa, a busar, a narka, a tace, a fitar da ita kamar taliya a yayyanka ta zama ƙwayoyi. Waɗannan ƙwayoyin ake sayar wa masu yin ledar shara, da bututu, da allunan roba da ke maye gurbin katako, wani lokaci da sabuwar ledar gona. Duk zagaye ɗaya tana rage ƙwari, don haka akan gauraya ta da sabuwa. Wadda ta yi datti da yawa, a wasu ƙasashe ana kai ta masana'antar siminti a ƙone ta a matsayin makamashi, a murhun da zafinsa ya ninka na wutar fili nesa ba kusa ba. Wannan ya fi ƙonawa a gona, amma bai kai sake sarrafawa ba.

Kada a yi zaton sarrafawa kaɗai za ta share matsalar. Ƙungiyar Haɗin Kan Tattalin Arziki da Ci Gaba, wato OECD, ta ƙiyasta a 2022 cewa kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba ta duniya ake sake sarrafawa. Shi ya sa rage amfani da ita yake gaba da komai: tiyo mai ƙwari da zai yi shekaru, buhun da za a sake amfani da shi, da rufe ƙasa da kara ko busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi a inda hakan zai yi aiki. Wannan na ƙarshen ma taki yake zama.

An ce akwai ledar da ke narkewa da kanta a cikin ƙasa. In saya?

Ka yi tambaya da kyau kafin ka biya, domin abubuwa biyu ne ake sayarwa da suna kusan ɗaya. Akwai wadda ƙananan halittun ƙasa ke cinyewa da gaske. A Turai ma'auninta shi ne EN 17033 na 2018, wanda ya shardanta cewa kashi 90 cikin 100 ya lalace a cikin ƙasa cikin shekara biyu a gwaji. Akwai kuma leda ta yau da kullum da aka zuba wa wani sinadari don ta yi saurin ragargajewa a rana. Ita wannan ɓacewa take yi daga ido, ta koma ɓurɓushi. Tarayyar Turai ta haramta ta daga watan Yuli na 2021.

Ko ta gaskiyar ma, saurin lalacewarta ya danganta da zafi da laima da irin ƙasa, kuma ta fi tsada. Ka gwada a ɗan yanki tukuna. Kada kuma ka jefa ta cikin ledar da za a kai sarrafawa, tana ɓata ta.

Me ya sa duk nauyin zai hau kan manomi? Wanda ya sayar fa?

Wannan ƙorafi daidai ne, kuma ina tare da mai yin sa. Duk inda aka yi nasara a wannan harka, ba da wa'azi ga manomi kaɗai aka yi ta ba. An ɗora wa mai ƙerawa da mai shigowa da mai sayarwa alhakin karɓar abin da suka sayar bayan ya gama aiki.

Birazil ce misali mafi ƙarfi. Dokar da ta yi a shekarar 2000 ta raba aikin: manomi ya ɗauraye ya huda ya mayar da jarka cikin shekara guda, mai sayarwa ya rubuta a takardar ciniki wurin da za a mayar, kamfanoni kuma su kwashe su sarrafa. Cibiyar inpEV da kamfanonin suka kafa ta fara aiki a 2002, kuma yau fiye da kashi 90 cikin 100 na jarkokin robar magani a ƙasar suna komawa. Wasu ƙasashen ma suna da irin wannan tsari: Faransa tana da A.D.I.VALOR tun 2001, Ostireliya tana da drumMUSTER, Kanada tana da Cleanfarms. Tsarinsu ya bambanta, amma a ko'ina akwai wurin kaiwa da aka sani, da lokaci, da wanda ke biyan kuɗin mota.

A matakin duniya kuwa tafiyar tana jan ƙafa. A watan Maris na 2022 ƙasashe suka amince a Nairobi cewa za a rubuta yarjejeniyar da za ta ɗaure kowa a kan ƙazantar roba. Zaman rubuta ta da aka yi a Busan ta Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024 ya tashi babu matsaya, na Janiba ta Suwizalan a watan Agusta na 2025 ma haka.

Babu mai zuwa ɗauka a inda nake, kuma abin da nake tarawa bai taka kara ya karya ba. Daga ina zan fara?

Daga maƙwabtanka. Babu motar da za ta taso don buhu biyu, amma za ta taso don lodi guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar manoma ko masu shan ruwa daga madatsa ɗaya za su iya ware wuri mai inuwa da shinge, su sa rana ɗaya bayan girbi, su naɗa mutum guda da zai duba duk abin da aka kawo ya mayar da mai datti. Wannan mutumin zai sha baƙin jini a shekarar farko, amma shi ne zai sa mai saye ya dawo a ta biyu.

Kafin a fara tarawa, a nemi mai sayen a tambaye shi dalla-dalla: wane iri yake karɓa, naɗewa yake so ko dannewa, nauyi nawa zai sa ya turo mota, yana karɓar jarkokin magani ko sai an nemi wani. A kuma je wurin dillalin da ake sayen magani da leda a hannunsa, a ƙungiyance, a tambaye shi ina za a mayar da fankon. Idan mutum ɗaya ya tambaya zai ce bai sani ba. Idan manoma hamsin da ke sayen kayansa kowace shekara suka tambaya, zai kira kamfanin da ke ba shi kaya.